Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Ayyuka Nawa Ya Kamata Mutum Ya Riƙe A Hannu?

(Wannan shi ne jawabin da Ma'ajin ƙungiyarmu ya yi a babban taron shekara, a harabar makarantar Islamiyya da ke nan Sabo, Ibadan. Mun buga shi kamar yadda ya gabatar, saboda 'yan'uwan da ba su sami halarta ba.)

 

  

Kwamiti ya ɗora mana nauyin karanta lissafin kuɗin shekara, kuma za mu karanta shi in Allah ya yarda, ba kwabon da za mu ɓoye. Amma mun roƙi shugaba ya ba mu ɗan lokaci kafin nan, domin akwai maganar da lissafin ba zai faɗa da bakinsa ba, sai wanda ya kwana yana duba shi. Maganar kuwa ita ce, yau ƙungiyarmu tana da ayyuka takwas a buɗe, kuma a cikinsu babu ko ɗaya da za mu nuna wa baƙo mu ce ga shi mun gama. Akwai ƙarin azuzuwan Islamiyya, waɗanda ke bayanku, sun kai linta sun tsaya. Akwai rijiyar burtsatse, an haƙa, babu famfo babu tanki. Akwai katangar maƙabarta, ɓangare ɗaya aka yi. Sai ɗakin taro, da shagunan haya, da motar ɗaukar marasa lafiya, da ajin koyon ɗinki na mata, da gyaran magudanar ruwa ta layin masallaci. Kowane ɗaya alheri ne, kuma kowane ɗaya mun tafa masa ranar da aka kawo shi. Kuɗin ma ba a ci ba. Mun dai yayyafa shi ne wuri takwas, kamar mai shayar da lambu da cokali.

To, jama'a, kafin mu taɓa ƙungiya bari mu fara da kanmu, domin abin da ke damun ƙungiya shi ne ke damun yawancinmu a kasuwa da gida, kuma mu da ke tsaye a nan mun sha shi har ya ƙone mana baki.

Kun san sana'armu goro ce, ita muka tarar iyayenmu na yi. Tun 1916 da aka keɓe wa kakanninmu wannan unguwa, goro da shanu su ne ƙashin bayan Sabo. Wasu shekaru da suka wuce Allah ya buɗa mana, kaka uku a jere goro ya yi albarka. Muna saye daga Shagamu da ƙauyukan Ijebu, mu ɗaura huhu, mu tura kasuwar Mariri a Kano, kuɗi na dawowa da riba. Da muka ga haka sai ido ya buɗe. Muka shiga tarayyar shanu da wani amininmu a kara. Muka sayi tsohuwar bas muka sa ta hanyar Ilori. Muka sa harsashin gida a garinmu na asali. Muka buɗe wa ƙanenmu kantin kayan masarufi. Sa'an nan wani ya zuga mu muka sayi albasa don ajiya. Da goron, ayyuka shida ke nan a kan mutum ɗaya. Idan muka shigo majalisa a lokacin har tashi ake yi mana, mu kuma muna jin daɗi.

Shi goro, duk wanda ke cikin sana'ar ya sani, jariri ne. Idan ka jera shi a kwando cikin ganyen fita, sai ka riƙa buɗewa a kai a kai, ka tsince wanda ya fara lalacewa, ka sake ganye idan ya bushe. Ƙwaya ɗaya mai sankara idan ka bar ta, sai ta ja maka ƙwarya guda, ƙwarya ta ja kwando. A shekarar da muke ba ku labari mun ajiye goro mai yawa muna jiran ya zama daushe ya yi kuɗi. Sai bas ta lalace a Ogbomosho, muka kwana huɗu a gindin makaniki. Muna dawowa aka aiko cewa magini ya tsaya, muka hau mota zuwa Arewa. Muna can aka ce shanu biyu sun kwanta. Kafin mu natsu mu shiga sito da kanmu an fi wata guda, yara kuwa sun ce mana kullum suna dubawa. Da muka buɗe kwandon farko ba mu iya buɗe na biyu ba, sai da muka zauna a ƙasa. Abin da ke ciyar da gidanmu, shi muka bari ya ruɓe muna bin abubuwan da ba su taɓa ba mu ko sisi ba. Bas muka sayar da hasara, albasa rabi ta tsiro, gidan kuwa ya shekara shida babu rufi.

Maigidanmu da ya koya mana sana'a, Allah ya jiƙansa, yana da rai a lokacin. Muka je masa da kuka. Ya saurare mu har muka gama, sa'an nan ya ce, "Kai yaro, ido nawa Allah ya yi maka?" Muka ce biyu. Ya ce, "Su biyun ma wuri ɗaya suke kallo." Bai ƙara komai ba, ya ci gaba da jan carbinsa.

Tun daga ranar muka zauna muka yi wa kanmu ƙa'ida, kuma ita muke so mu ba ku yau. Ayyukan da muke riƙewa a hannu a lokaci guda ba sa wuce uku. Na farko shi ne mai ciyar da gida, watau sana'ar da ake cefane da ita. Na biyu shi ne abin da ake ginawa don gobe, ko gida ne, ko sabon reshen kasuwanci, ko tanadin aikin Hajji, ko aurar da ɗiya, amma ɗaya tak. Na uku kuma na jama'a ne, wanda mutum ke fatan ya tarar a lahira. A wajenmu yanzu shi ne wannan ma'ajin da kuka ba mu, shi ya sa da aka nemi mu shiga kwamitin masallaci muka ba da haƙuri, wasu har suka ji haushi.

Wani zai ce, Alhaji, ai abubuwan da ke kan magidanci sun fi talatin. Gaskiya ne. Salla da zumunci da kuɗin makarantar yara da gaisuwar mara lafiya ba ma lissafa su, waɗannan rayuwa ce, ba a gama su sai ranar da aka koma ga Allah. Abin da muke kira aiki a hannu shi ne wanda ke cin kuɗinka da idonka, wanda idan ka yi mako guda ba ka leƙa shi ba zai tsaya ko ya lalace. Gonar da ka bar wa ɗan'uwanka a gida yana nomawa, ko saniyar da ke hannun Bafulatani sai shekara ka ji labarinta, waɗannan ajiya ce, kana iya tara su gwargwadon abin da Allah ya hore maka. Amma duk abin da zai sa a buga maka waya tsakar dare, to ka ƙirga shi.

Me ya sa uku? Ba aya ba ce, ba kuma hadisi ba ne, gwaji ne. Mun gwada shida mun ga ƙarshenta. Mun gwada huɗu, muka ga kullum ɗaya na kuka. Kwanakin kasuwa shida ne a mako, sana'a kaɗai tana cinye huɗu, saura biyu ka raba wa sauran. Wanda yake da manyan 'ya'ya amintattu wataƙila ya iya huɗu. Yaron da yanzu ya fara, jarinsa bai yi ƙwari ba, biyu ma sun yi masa yawa. Kowa ya san ƙarfin wuyansa. Akwai kuma ma'aunin da ba ya ƙarya, malamai su gafarce mu: idan ka ga ƙabli da ba'adi sun yi maka yawa, ka tayar da salla amma zuciyarka na kara ko tana wurin birkila, ba ka san raka'a uku ka yi ko huɗu ba, to kayan sun fi ƙarfinka, ka sauke wani.

Bari mu yi ɗan lissafi irin namu na 'yan kasuwa. A ce mutum yana son gina shaguna 3, abin da yake samu kuma yana isa ya gama shago ɗaya cikin wata 4. Idan ya sa harsashin ukun gaba ɗaya, yana ɗora bulo nan yana ɗora can, sai bayan wata 12 zai gama, kuma a duk tsawon shekarar ba wanda zai ba shi kuɗin haya. Idan kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a wata 12 ɗin dai zai gama, amma shagon farko ya riga ya ba shi hayar wata 8, na biyu ya ba shi ta wata 4. Hayar wata 12 ke nan ta shigo aljihunsa, ga kuɗi ɗaya, ga ma'aikata ɗaya. Ginin da aka gama yana taimaka wa na bayansa, wanda ba a gama ba kuwa sai dai ya ci.

Ballantana a wannan zamani da kaya ba sa jiran kowa. Kun tuna farkon 2023, lokacin canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000, yadda mai kuɗi a banki ya rasa na cefane. Kun tuna 29 ga Mayu na shekarar, da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota zuwa Arewa ya bi ta. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Duk ginin da aka bari a linta kafin wannan lokaci, kuɗin da zai rufe shi a da bai kai rabin hanya ba daga baya. Azuzuwan da ke bayanku shaida ne.

Ba mu kaɗai wannan ciwo ya kama ba. A 2011 kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa don duba ayyukanta ya ƙirga guda 11,886 da aka fara ba a kammala ba. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta an soma shi a 1979, aka shekara 40 ba a ga ƙarshensa ba. Idan gwamnati mai man fetur ta gaza ɗaukar komai a lokaci guda, ina ga ƙungiyar da ke rayuwa da kuɗin wata na masu goro da 'yan canji da masu tura baro?

Mun san abin da wasu matasa za su ce, domin sun sha faɗa mana a shago: ai Alhaji Aliko Ɗangote sana'a nawa yake yi? To ku bi tarihin da kyau. Da saye da sayarwa ya fara a 1977, ya daɗe a kai kafin ya shiga kafa masana'antu. Kuma shi ma yana sauke kaya. Ya sayar da masana'antar taliyarsa a 2017, ya sayar da kamfanin fulawarsa a 2019, a shekarun da yake fama da ginin matatar mai ta Ikko, wadda aka buɗe a 2023. Ga shi da dubban ma'aikata. Kai da ke da yaro ɗaya a shago, shi ma rabin hankalinsa na kan waya, da wa za ka raba?

Ɗanmu da ya karanta aikin injiniya ya ba mu labarin kamfanin Toyota na ƙasar Japan, masu motocin da muke hawa kullum. Tun shekarun 1950 suka fito da wata dabara ta kati, suna kiransa kanban. Kowane akwatin kayan haɗa mota yana tafiya da katinsa, katunan kuma ƙididdigaggu ne, ba a ƙera sabon kaya sai kati ya dawo fanko. Ta haka kayan da aka fara ba a gama ba ba sa taruwa su cika masana'anta. Da ya gama bayani muka ce masa, ai mu a makarantar allo muka san wannan. Allo ɗaya gare ka, ba a yi maka sabon rubutu sai ka biya na jiya malam ya yarda, sa'an nan ka wanke. Haka a karatun littattafai, sai ka sauke Ahalari ka shiga Ishmawi, ka gama ka ɗauki Iziyya, kana Risala. Ba mu taɓa ganin malamin kirki ya buɗe wa ɗalibi huɗun rana ɗaya ba. Kuma malamanmu sun karantar da mu cewa ɗan aikin da aka dawwama a kansa ya fi soyuwa ga Allah bisa mai yawa da ake yi a watsar.

Yanzu ga yadda muke yi, ko wani zai ɗauka. Muna da littafi ɗaya, irin na 'yan makaranta, ba ya rabuwa da aljihunmu. Shafi uku na farko na ayyukan nan uku ne. A kan kowane shafi muna rubuta abin da idan ya faru za mu ce an gama, domin aikin da ba a san ƙarshensa ba ba ya ƙarewa. "Gina gida" ba ƙarshe ba ne, "ɗaki biyu da rufi da ƙofa" shi ne ƙarshe. A ƙasa mu rubuta kuɗin da ya rage, da abu na gaba da za a yi, da wanda zai yi shi. Can bayan littafin kuma akwai shafin da muke kira zaure. Duk shawarar da ta zo, ko daga zuciyarmu ko daga bakin aboki, a zaure take zama, kamar baƙon da ke jiran a yi masa iso. Ba ta shiga cikin gida sai ɗaya daga cikin ukun ya fita, ko an gama shi, ko mun haƙura da shi mun rufe. Duk ranar Juma'a bayan an sauko, kafin la'asar, mukan zauna mu duba. Abin mamaki, rabin abin da ke zaure idan ya yi wata uku sai mu ga ba ma son sa kuma, mu soke shi muna godiya ga Allah da ba mu zuba kuɗi ba. Mai rubutun ajami ya yi da ajami, mai boko ya yi da boko. Yaranmu masu yi a waya su yi, amma su sani waya ba ta cika, za ta karɓi aiki ɗari ba ta ce uffan ba, saboda haka su za su sa wa kansu iyaka.

Iyayenmu mata, maganar nan har da ku. Mun san mai tuwon sayarwa, tana ƙuli-ƙuli, tana saro atamfa, ga adashi huɗu ta shiga, ranar zubi sai ta ci bashin wannan ta biya wancan. Ku yi haƙuri, adashi ma a ƙirga shi.

To mu dawo kan ƙungiya. Shawarar da muke kawowa gaban wannan taro, da yardar kwamiti, ita ce mu riƙe uku mu kai biyar zaure. Mun auna su da tambaya uku: wanne ne zai lalace idan aka bar shi, wanne ya fi kusa da gamawa, wanne kuma ya fi shafar mutane da yawa. Na farko rufin azuzuwa, domin ruwan Badun ba ya wuce watan Maris ko Afrilu bai sauka ba, kuma bulon nan ya riga ya sha damina biyu, ga yara na karatu a baranda. Na biyu famfo da tankin burtsatse, wanda shi ya fi kowanne kusa, kuma ranar da ya fara aiki matanmu da 'ya'yanmu za su huta da sayen ruwa. Na uku katangar maƙabarta, saboda abin da kowa ya gani da idonsa a gefen da ba a kewaye ba. Sauran biyar ba a soke su ba. Za a rubuta su a littafin sakatare bi da bi, duk ranar da aka gama ɗaya, taro ya zaɓi mai shigowa. Kuma muna roƙon a amince cewa daga yau ba za a ƙaddamar da sabuwar gidauniya ba sai an rufe wata.

Mun san wannan zai yi wa wasu zafi. Akwai dattijan da suka tsaya kan maganar mota tun ranar da muka rasa wata baiwar Allah a hanyar asibiti, kuma ba mu manta ba. Akwai iyayenmu mata da suka tara kuɗin kekunan ɗinki da guminsu. Don kada a ce mun taɓa na wasu mun bar namu, ku shaida ɗakin taro mu muka kawo shawararsa da bakinmu, mu muka fara ba da bulo, kuma shi muka fara sa wa a zaure.

Saura magana ɗaya mai nauyi, wadda muka tambayi malamai kafin mu zo. Kuɗin da mutum ya bayar da sunan wani aiki amana ne, ba ya halatta mu juya shi zuwa wani aikin don mun ga dama. Saboda haka sunan duk wanda ya ba da gudummawa ga ayyuka biyar ɗin nan yana rubuce a wurinmu, kuma za mu bi ku ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yarda a ara a yi rufi, a mayar idan lokacin aikinsa ya zo, Allah ya saka masa. Wanda ya ce a bar nasa inda yake, za a bar shi, ba kuma wanda zai ji daga bakinmu.

Muna fatan baɗi war haka, idan Allah ya kai mu da rai da lafiya, a cikin azuzuwan nan za mu yi wannan taro, a ƙarƙashin kwano, mu yi alwala da ruwan rijiyarmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a yafe mana. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu Yarbawa, ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a kasuwanninmu.

Yanzu, da izinin shugaba, sai mu buɗe littafin lissafi.